Takardar da Na Soke a Jinka

Talata, 18 ga Nuwamba, 1986

Amsar ƙanena Husaini ta zo daga jami'a. Ni na ɗauko ta daga busta, wato gidan waya, tunda mabuɗin akwatin wasiƙun unguwarmu shekara goma sha ɗaya ke nan yana wuyana. Layi uku kacal: ba a ɗauke shi karatun majistir, digiri na biyu, na aikin gona ba. Ba dalili, ba komai, sai hatimi.

A tsaye ya karanta a ƙofar ɗakin Baba, ya sake karantawa, ya juya bayan takardar ko an ƙara wani abu. Ya ce, "Yaya, makin jayyid fa suka nema. Ni da jayyid jiddan na fito, na haura abin da suka ce." Na ce masa ma'alesh, ya yi haƙuri. Abin da bakina ya iya ke nan, sai ka ce ƙafa na taka masa a kasuwa.

Jabanar gahawar da matata Atine ta kai wa Baba a nan ta huce.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Ban ci abinci ba. Atine ta ce ko zazzaɓi ne, na ce eh.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Bayan salla aka taru a gindin bishiyar bedin masallaci, magana ɗaya ake yi. Sharu maƙwabcinmu, wanda ba a taɓa yin abu a garinmu Gadarif bai san dalilinsa ba, shi ya riƙe taron. Ya ce, "Ku karanta sunan yaron a takarda mana! Husaini Ishaku Mahmudu Mailafiya. Suna isa kan na huɗun nan suka san ɗan Takari ne, jikan baƙi daga yamma, shi ke nan, suka ture fayil."

Kowa ya kawo nasa labarin. Wanda ɗansa ya shekara uku yana bin takardar jinsiyya ta shaidar zama ɗan ƙasa, wanda aka ce ya kawo shaidar inda aka binne kakansa. Abin haushin, ba ƙarya suke yi ba, ana yi mana haka. Ni ma an yi mini.

Ina tsaye ina gyaɗa kai tare da su. Na ce wa kaina, Wada, ka ji kunya.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Bari in faɗa wa littafin nan, tunda shi ba ya da baki.

Takarda biyu jami'a ta aiko, ba ɗaya ba. Ta farkon ta zo ran Talata bakwai ga Oktoba. Na buɗe ta a ƙofar busta, kamar yadda nake buɗe na kowa, don ni ke karanta wa rabin unguwa wasiƙunsu. Kira ne: ya zo mu'ayana, a zauna da shi a yi masa tambayoyi baki da baki, ran Laraba sha biyar ga wata. Kwana takwas. Daga gonarmu ta Simsim zuwa nan wuni ne a lori, daga nan zuwa Khartoum wuni a bas. Lokaci ya isa har ya yi saura.

Amma riɗi ya nuna.

Kuma ba riɗinmu na gado ba. Husaini ne ya kawo wani sabon iri daga wurin masu bincike, ya cika wa Baba kunne har muka shuka fadan arba'in, kamar eka arba'in ke nan. Na hana, aka ce ban yi jami'a ba. Namu na da, ganyensa yana yin ɗorawa ya zube, ko makaho ya san lokacin yanka ya yi. Nasa kuwa ganyen kore shar yake zama, alhali kwanson ya nuna. Ka makara kwana uku, kwanso ya fashe, wahalar shekara ta zube ƙasa tururuwa su kwashe. Shi kaɗai ya san yadda ake murza kwanson a gane wane ɓangare za a fara yanka.

Na ce a raina, kai ka kawo irin, kai za ka yanke shi. Na kuma ce maki ai maki ne, kamar awo a kasuwar amfanin gona: buhunka in ya cika nauyi, ko yaushe ka kai shi sikeli ba zai canza ba. Mu'ayana ai gaisuwa ce kawai, in ya je bayan mako biyu ya ce gona ta riƙe shi, wa zai hana shi? Haka na yi wa kaina fatawa a tsaye a rana.

Ranar na hau lorin Hamisu direba na kai wa su Husaini sukari da ganyen shayi a gona. Takardar tana aljihuna. Da muka gama yanka muka dawo gida, ran ashirin da huɗu, sai na kasa ba shi. Ta ina zan fara? Na soke ta a jinkar ɗakina, sama da ƙofa. Tana nan.

Talata, 2 ga Disamba

An kakkaɓe riɗi, an kai kasuwa. Fari tas, ba mu taɓa samun irinsa ba. Baba ya damƙi hannu guda ya ce, "Wannan riɗin Husaini ne." Husaini ya ce, "To, aƙalla riɗi bai tambayi sunan kakana ba."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini.

Alhamis, 11 ga Disamba

Husaini ya daina buɗe littattafansa. Ya ɗaure su da igiya ya tura ƙarƙashin gado. Da hantsi sai ya tafi kasuwa wurin mai shayi ya zauna har la'asar. Yaron da ko a gona da biro a bayan kunne yake yawo.

Na ce masa ya rubuta musu mana ya tambayi dalili. Ina faɗa na tuna in ya tambaya ai za su ce bai zo ba. Ya ce, "Dalilin da kowa ya sani, Yaya? So kake su rubuto mini shi da hatimi?"

Na ji sanyi a raina da ya ƙi. Dubi irin mutumin da na zama.

Lahadi, 21 ga Disamba

Sabuwa ta ɓullo. Wani abokinsa ya gaya masa ana iya zuwa mahkama, wato kotu, a gyara suna, in uba ya yarda ya kawo shaidu biyu. Yana so a cire Mailafiya, a sa Abdussalam, wai ai ma'anarsu kusan ɗaya. Sai ya sake nema baɗi da suna mai santsi a bakinsu.

A gaban Baba ya faɗa, muna cin tuwo. Baba ya tsame hannu daga kwano.

Mailafiya kakan Baba ne. Da ƙafa ya taso daga Haɗeja zai Makka, shekara tara yana hanya, yana noma yana gaba, ya yi hajjinsa, a dawowa ƙafa ta gaza a nan. Baba ya san shi, yana ƙarami shi ke riƙe masa buta. Sandarsa har yau tana rataye a ɗakin Baba, ba mai taɓa ta.

Baba ya ce, "Shi me ya yi maka?" Husaini ya ce, "Bai yi mini komai ba, Baba. Amma shi ya riga ya isa inda za shi, ni ban isa ba."

Ni kuma na tashi da faɗa, ni! Na ce masa mara kunya, ɗan boko mai gudun asali, na ɗaga murya har Sharu ya leƙo ta kan danga. Ina zaginsa ina jin takardar nan a bayana kamar garwashi.

Litinin, 22 ga Disamba

Atine ta tare ni da safe tana shara. Ba ta dube ni ba ta ce, "Baban Rakiya, takardar nan ta jinka, gara ta fara cin gefenta." Na ce wace takarda? Ta ce, "Ni ban yi makaranta ba, amma na san hatimi. Irin na wadda ta sa Husaini ya daina cin abinci ne."

Na daka mata tsawa na ce ta tsaya a kan tsintsiyarta. Ta ce to. Wannan "to" ɗin ta fi mari.

Asabar, 3 ga Janairu, 1987

Kwana goma sha uku Baba bai yi maganar ba. Yau ya kira mu mu biyu. Ya ce ya yi istihara. Ya ce shi ya cire ni daga makaranta ina aji uku na wusɗa, wato midil, saboda gona, har yau abin yana cin sa, ba zai tare wa na biyu hanya saboda suna ba. Ya ce, "Mamaci ba ya bukatar takarda. A cire."

Sai ya juyo ya ce, "Wada, kai ke da hannu mai kyau. Rubuta arida, takardar roƙo, zuwa ga alƙali."

Ban taɓa sanin abin yana cin sa ba. Shekara ashirin da huɗu ina zaton ko tunawa ba ya yi.

Lahadi, 4 ga Janairu

Na rubuta. Wallahi na rubuta, da hannuna mai kyau. "Muna roƙon a shafe sunan Mailafiya." Sau uku biro yana yaga takarda.

Talata, 6 ga Janairu

An sa ranar zuwa mahkama, Asabar. Shaidu Sharu da Hamisu.

Na yi ta lissafin hanyoyi. In ƙona takardar jinka in huta. In ce yanzu na gan ta, ta maƙale a bayan akwatin busta. In ce ma'aikacin busta ne ya riƙe ta, bawan Allah da kullum yake tambayata jikin Baba. Kowace ƙarya sai na samu wanda za ta faɗa wa a ka.

Akwai abin da ban rubuta ba ran ashirin da biyu ga Nuwamba. A ƙofar busta, da na karanta kiran nan, kafin in tuna riɗi, wani abu ne ya fara zuwa mini. Na ga an rubuta "Ustaz Husaini" a bayan ambulan. Ni da na fi shi lissafi, ni da na koya masa riƙe biro. Riɗin daga baya ya zo, kuma na yi murna da zuwansa.

To, na rubuta. Ban ji sauƙi ba.

Asabar, 10 ga Janairu

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi kowa ya shirya. Baba ya sa farar jallabiyarsa ta Idi da rawani, ya fito riƙe da sandar Mailafiya. Ban taɓa ganin an sauko da ita ba. Sharu ya ce, "Malam Ishaku, wannan fa?" Baba ya ce, "Bari ya raka mu. A gabansa za a cire shi, ba a bayan idonsa ba."

Husaini ya sunkuyar da kai. Atine tana bakin madafa tana kallona, ni kaɗai.

Mun kai ƙofar gida na ce su tsaya. Na koma na zaro ta daga jinka, ciyawa ta zubo mini a ido. Gara ta cinye kusurwa ɗaya, amma kwanan wata yana nan. Na miƙa wa Husaini na ce, "Ba Mailafiya ba ne. Ni ne."

Ya daɗe yana karantawa, layi biyar ne fa. Sai ya ce, "Bakwai ga Oktoba. Ranar da ka zo a lorin Hamisu?"

Na ce eh.

"Da ka kawo sukari?"

Eh.

"Tana aljihunka muka ci abinci kwano ɗaya?"

Na ce eh. Na fara maganar riɗi, kwanso, fadan arba'in. Ya ce, "Da ka nuna mini, da na zagaya da kai gonar a wuni ɗaya na koya maka, in hau lori da yamma. Wuni ɗaya, Yaya." Bai ɗaga murya ba. Na so ya zage ni, na so ya ɗauki sandar nan ya rafka mini. Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya shige ciki.

Baba ya zauna a kan dutsen ƙofa, sandar a kan cinyarsa. Can ya ce, "Kawo aridar." Na ba shi, ya yayyaga. Ya ce, "Kawo mabuɗin." Na ciro daga wuyana. Ya ce, "Wasiƙun mutane ka riƙe shekara goma sha ɗaya. Ran Juma'a da bakinka za ka gaya musu."

Hamisu ya zame ya tafi ba sallama. Sharu kuwa, karo na farko a rayuwarsa, ya rasa abin faɗa.

Juma'a, 16 ga Janairu

Na faɗa, a gindin bedin. Wani tsoho ya tambaye ni ko wasiƙar ɗansa ta Jidda ma na ɓoye. Ban ɓoye ba, amma da wane baki zan rantse? An ba limami mabuɗin.

Sharu ya farfaɗo. Ya ja ni gefe ya ce, "Ya zol, bawan Allah, kar ka kashe kanka. Ko da ya je mu'ayanar, da sunan nan ba za su ɗauke shi ba." Wallahi daɗi maganar ta yi mini, na kama ta hannu bibbiyu. Da na dawo gida har na maimaita ta a tsakar gida, don Husaini ya ji.

Ya ji. Ya fito ya ce, "Wataƙila Sharu ya yi gaskiya, wataƙila bai yi ba. Da na je, da na sani. Wannan ma ka hana ni sani." Ya ce wata biyu yana jin haushin mutanen da bai taɓa gani ba, yana jin kunyar tsohon da ya zo da ƙafa daga Haɗeja.

Tun ran Asabar bai ce mini Yaya ba. Ba ya kiran sunana kuma, tarbiyya ba za ta bar shi ba. Sai dai "ka ji" da "an ce".

Laraba, 4 ga Fabrairu

Mutane sun daina kawo mini wasiƙa in karanta. Da safe hannuna yana zuwa wuyana neman mabuɗi.

Lahadi, 15 ga Maris

Husaini ya kwance igiyar littattafan. Atine ta gani ta gaya mini.

Yau ya cika sabon fom a kan tabarma a tsakar gida, inda kowa zai gani. Na wuce ta bayansa kamar zan ɗauki buta. Suna huɗu cif, Mailafiya a ƙarshe, ya ma ƙara masa girma. Adireshi kuwa na makarantar da ya fara koyarwa ya sa.

Da ya gama na ce zan bi ta busta, in yana so. Ya ce, "Bar shi, zan kai." Daidai ne.

Alhamis, 9 ga Yuli

Ruwa ya sauka, za a yi shuka. Baba ya ce a koma irinmu na gado a huta da fitina. Na ce a'a, na Husaini za a shuka, fadan arba'in ɗin. Baba ya dube ni ya ce, "Wa zai gane maka nunarsa?" Na ce zan koya.

Ban san me ya sa na nace ba. Ya fi auki, shi ke nan.

Asabar, 26 ga Satumba, Simsim

Husaini ya zo gona wuni ɗaya. Ya zagaya da ni ɓangare ɓangare: ka tsinki kwanso na uku daga ƙasa, ka murza, in ƙwayar ta rabu da ɓawo ba ta manne a yatsa ba, saura kwana huɗu. Na murza ya fi ɗari. Sau biyu ya ce ba haka ba, ya kama yatsuna ya gyara, kamar yadda na taɓa kama nasa a kan biro.

Wuni ɗayan ne kuwa, kamar yadda ya faɗa. Da yamma ya hau lori. Kiransa ya zo, mu'ayana ran sha huɗu ga Oktoba.

Litinin, 12 ga Oktoba, Simsim

Na yi kuskure a ɓangaren gabas. Na ce saura kwana huɗu, ashe biyu ne. Jiya da rana muka ji kwanso yana fashewa, ƙas ƙas, ko'ina. Mun yi ta yanka har hannu ya fashe, duk da haka kamar fadan shida sun zube. Na yamma ma ban tabbata da lissafina ba. Ƙasa ta yi fari da ƙwaya, tururuwa suna biki.

Hamisu ya zo da ruwa, ya ga ɓarnar ya riƙe baki. Ya ce Husaini yana gida, sai gobe da asuba zai hau bas. Ya ce, "In gaya masa? Na san shi, yana ji zai biyo ni ya cece ku sauran." Ya ce wai da zai taso ma Husaini ya ce masa, "Ka dubo mini yadda Yaya yake fama."

Na sa ya maimaita. Ya ce haka ya faɗa, Yaya.

Na ce, "Ka ce masa riɗi lafiya lau, an kusa gamawa. In ka ƙara ko kalma ɗaya, kar ka sake taka gonar nan." Ya yi dariya ya tada mota.

Wannan ma ɓoyewa ce, na sani. Ko za su ɗauke shi, ko sunan zai tare shi, Allah masani, amma dai ran Laraba zai zauna a gabansu da sunansa huɗu ya ji da kunnensa.

Masu yanka sun dafa ɗan wake da man riɗi. Na ci kwano biyu.